Bargo Mai Launi Ɗaya: Yadda Na Koma Saƙa Bayan Idona Ya Raunana

Ni haifaffiyar Gombe ce, kuma a unguwar Bolari na tashi, tun garin yana ƙarƙashin tsohuwar Jihar Bauchi, kafin a ba mu tamu jihar a 1996. Wannan labari da baki nake faɗarsa, 'yata ce take rubutawa, domin yanzu ba na iya bin layin rubutu a takarda ko a waya. Na amince a rubuta shi ne saboda matan da suke zuwa wurina koyon saƙa sukan tambaye ni dalilin da ya sa duk bargunan da nake saƙawa launi ɗaya ne daga farko har ƙarshe, amsar kuwa ta fi ƙarfin a ba da ita a tsaye a bakin ƙofa.

Ina firamare na koyi riƙe kwarashi, a hannun malamar da take koya mana aikin gida. A lokacin ba kowace yarinya ce iyayenta za su saya mata kwarashin kanti ba, don haka yayana ne ya lanƙwasa mini bakin wayar ƙafar keke, ya goge shi a kan dutse har ya yi santsi. Ulu kuwa daga tsofaffin rigunan sanyi na gwanjo muke samunsa, mu warware su, mu naɗe zaren a dunƙule. Tun daga nan launi ya shiga raina. Idan aka haihu a dangi ko a maƙwabta, kafin ranar suna na haɗa wa jariri hula da safa da riga da shawul, kuma ba na jin na yi aiki sai na jera launi uku ko huɗu a abu ɗaya. Da na yi karatun malanta a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Gombe na kama aikin koyarwa a firamare, saƙa ta zama abin da nake hutawa da shi bayan la'asar, tana kuma kawo ɗan abin cefane a lokacin hunturu.

Mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta, ta rasa ganinta a hankali cikin shekarunta na ƙarshe. Ba ta taɓa cewa idon yana mata ciwo ba, kuma idan ka dube shi garau yake, babu farin da ake gani a idon mai yana. Kowa a gidan ya ce tsufa ne, ita ma Inna haka ta ɗauka, ta rungumi ƙaddara, muka riƙa yi mata jagora zuwa banɗaki da wurin alwala har Allah Ya karɓi abinsa. Babu wanda ya kawo a ransa cewa abin da ya same ta yana da suna, balle a ce yana bin jini.

Nawa ya fara ne ina cikin shekaruna na arba'in da wani abu. Na riƙa bugun kafaɗa da bakin ƙofa a gidan da na yi shekaru a cikinsa. A aji, yaran da suke zaune a gefe sukan ɗaga hannu har su gaji ban gan su ba, wata uwa ma ta taɓa zuwa da ƙorafin cewa na tsani ɗanta. Idan zan tsallaka titi, sai in ji mai babur ya taka birki a kusa da ni alhali na duba ban ga kowa ba. Duk da haka ina karanta rubutu, ina zura zare a allura, shi ya sa na ɗauka gajiya ce, na canza tabarau na ci gaba da harkokina. Sai a 2017, da aka auna ƙarfin ruwan cikin idona a asibiti, aka gano cewa gilakoma ce, wadda ake kira hawan jinin ido. Likitan ya bayyana mini cewa ma'aunin mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 da 21, nawa kuwa ya haura 30 a idon hagu. Ya ce akwai ruwan da ido yake samarwa yana kuma fitar da shi ta wata ƙaramar hanya, idan hanyar ta daina tacewa yadda ya kamata sai ruwan ya taru ya danne jijiyar gani, jijiyar ta riƙa mutuwa daga gefe tana matsowa tsakiya. Daga nan ya dube ni ya ce, "Malama, abin da ya riga ya tafi ba ya dawowa. Aikinmu da ke shi ne mu tsare wanda ya rage." Ya tambaye ni ko akwai wanda ya makance a gidanmu, a nan ne na fashe da kuka, domin a lokacin na gane abin da ya cinye idon Inna muna kallo.

Daga baya na samu bayani cewa binciken makanta da aka gudanar a faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna wannan cuta ce ta biyu wajen makantar da mutane bayan yanar ido. Bambancinsu shi ne mai yana ana yi masa aiki ya koma gani, mai gilakoma kuwa sai dai a tsayar masa da ɓarnar a inda ta kai.

Shekaru biyun da suka biyo baya sun yi mini nauyi ƙwarai. An ɗora ni a kan maganin ɗigawa safe da dare, aka ce har ƙarshen rayuwa ne. Masu zuwa dubiya kowa da shawararsa: wannan ta ce in ɗiga zuma, waccan ta kawo tozalin da ta ce daga Makka aka zo da shi, wata dattijuwa kuma ta ja ni gefe ta ce in bincika ko sammu ne daga wurin aiki. Na san duk ƙauna ce ta sa, amma kowace shawara tana ƙara mini ruɗani. Maigidana ne ya tsaya a kan magana ɗaya, ya ce addu'a kullum za mu yi, amma babu abin da zai shiga idon nan sai wanda likita ya rubuta. Shi ya raka ni Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, inda aka tabbatar mana da abin da aka faɗa a Gombe, aka kuma ba da shawarar aikin da aka yi mini daga baya a idon dama domin buɗe wa ruwan hanya. Na hagu ya riga ya yi nisa. Na dama ya tsira da tsakiyarsa kaɗai, ina gani da shi kamar mai leƙe ta bakin bututu, kuma ko a tsakiyar launuka sun dusashe, ba na raba baƙi da shuɗi mai duhu, ko ja da ruwan ƙasa.

A 2019 na ajiye aikin koyarwa. Babu wanda ya kore ni, ni ce na ga cewa yaran da aka damƙa mini amana sun cancanci malamar da za ta ga abin da suka rubuta. Ranar da na dawo gida na tattara duk ulun da nake da shi da kwarasai na rarraba wa 'yan uwa, ban bar komai ba sai wasu dunƙulaye masu ruwan madara da na manta da su a ƙasan akwati. Da zaman gida na korona ya zo a 2020, sai ya same ni dama a kulle. Ina tashi in yi salla, in koma in zauna a gefen gado, in ji yara suna kai da kawo suna rage murya idan sun zo kusa da ɗakina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka daina neman komai a wurina. Mace da ta saba a ce "Mama, ina kaza?" sau goma kafin azahar, sai ga shi ana dafa abinci a kawo mata, ana wanke mata kaya, ana cewa ta zauna kada ta faɗi. Ina yawan istigfari saboda tunanin da yake zuwa mini a lokacin, domin akwai daren da na ji cewa da ni da babu duk ɗaya ne a gidan.

Abin da ya tayar da ni shi ne cikin fari na babbar 'yata. Na saƙa wa 'ya'yan mutane da yawa kayan suna, sai ga jikana na farko zai zo duniya babu ko safa daga hannuna. Na sa aka sayo mini ulu kala uku na fara shawul irin wanda na saba, amma aikin ya gagara. Sauya launi yana buƙatar ido: sai ka ga inda za ka yanke wannan ka ɗaura wancan, sai ka bi duk bakin zaren da ya rage ka ɓoye shi da allura, kuma idan dunƙulaye suka cakuɗe a kwando hannu ba ya gaya maka wane ne wane, domin duk taushinsu ɗaya. Ƙanwarta da take karatu a jami'a, wadda take rubuta wannan labari, ita ce ta ga halin da nake ciki ta ce, "Mama, akwai masu saƙa bargo da launi ɗaya tak, adonsa duk a tudu da kwari yake. Bari in nemo miki." Ta nemo bidiyo a YouTube, ita tana kallo tana fassara mini, tana kama yatsuna tana ɗora su a inda kwarashi zai shiga. Muka ciro ulun nan mai ruwan madara daga akwati muka fara da shi.

A saƙar da na sani tun ƙuruciya, kwarashi yana shiga ne ta ƙaramin ramin da ke saman layin baya, ramin da sai da ido ake samunsa da sauri. A wannan sabuwar hanya kuwa, kwarashi yana zagaya jikin sandar saƙar gaba ɗaya, wato ɗan ginshiƙin zaren da kowace saƙa take bari a tsaye a layin baya, ko ta gaba ko ta baya. Idan ka zagaya ta gaba sandar takan taso ta yi tudu, idan ka zagaya ta baya sai ta nutse. Sanda abu ne mai kauri da ɗan yatsa yake kamawa ba tare da lalube ba, kuma da zarar ka yi layi uku ko huɗu, aikin da kansa yake gaya wa hannunka abin da ke biye. Ranar da na shafa abin da na saƙa na ji tudu huɗu, kwari huɗu, tudu huɗu, na kuma gane da kaina inda na tsallake sanda ɗaya ba tare da kowa ya nuna mini ba, na yi sujada na gode wa Allah. Tun da aka gano ciwon, ranar ce ta farko da na gyara wani abu da kaina maimakon a gyara mini.

Wannan ita ce muke kira saƙar kwando: sanda huɗu ta gaba, huɗu ta baya, har ƙarshen layi, bayan layi huɗu sai a juya, inda yake tudu ya koma kwari. Yawan sandunan dole ya rabu takwas-takwas, sannan a ƙara na gefe biyu da za su riƙe bakin bargon. Bayan ita na koyi mai gidan zuma, wadda take fitar da ƙananan ɗakuna masu kusurwa huɗu, tana da kauri da ɗumi sosai. Sai mai ƙwallo, inda ake fara sanda biyar a rami ɗaya ba tare da an ƙarasa ko ɗaya ba, sannan a ja zare a rufe su gaba ɗaya; ana yin ta ne daga bayan aiki domin ƙwallon ya ɓullo ta fuska. Wadda ta fi ba ni wahala ita ce mai igiya, saboda ana tsallake sanduna a dawo a ɗauke su ta yadda za su harɗe, kuma ramin da aka bari a baya yana ɓuya. Har yau ba na yin ta idan ana hira a kusa da ni. Ƙirga kuwa da fil nake yi: ina maƙala fil a kowace sanda ta ashirin, da ɗaya a sandar farko da ta ƙarshe, domin a gefe ne sanda take ɓacewa, bargo ya riƙa tsukewa mai shi bai sani ba.

Mutane sukan ɗauka launi ɗaya sauƙi ne, alhali ya fi tona asirin mai saƙa. A bargo mai launuka da yawa ido yana bin launi, ba ya lura da inda hannu ya matse ko ya saki. A mai launi ɗaya babu abin da zai rufa maka asiri, duk layin da ka yi cikin fushi ko gaggawa zai fito a matse a tsakiyar 'yan uwansa. Saƙar da ake zagaya sanda tana jan faɗin bargo ciki, sarƙar farko kuwa ina yin ta ne da kwarashi mai milimita 6, sannan in koma mai 5 a jikin aikin, in ba haka ba ƙasan zai yi tauri ya lanƙwashe. Tana kuma cin ulu fiye da saƙar shimfiɗe, kuma duk wadda ba ta sa wannan a lissafi ba za ta sayar da aikinta a kan asara. Akwai wani abu da ya fi waɗannan muhimmanci. Kamfani yana rina ulu ne rukuni-rukuni, kuma ruwan madarar wannan rukuni ba lallai ya yi daidai da na wancan ba ko da sunansu ɗaya. Idan ulu ya ƙare a tsakiyar bargo aka sayo wani daga baya, sai a ga layi ya raba bargon biyu idan an shanya shi a rana. Ni ba zan ga wannan bambanci ba, mai saye kuwa zai gani. Saboda haka ba na fara bargo sai an sayo duk ulun da zai ci a lokaci ɗaya daga ƙunshi ɗaya, idan kuma akwai lambar rini a jikin takardar, 'yata ta karanta ta tabbatar duk iri ɗaya ce.

Launuka masu haske nake zaɓa, ruwan madara, ruwan toka mai haske, ruwan ƙasa mai haske, wani lokaci shuɗi mai haske idan an nema. Dalili biyu ne. Ɗan ganin da ya rage mini yana kama su idan na ɗora aikin a kan baƙin zane a cinyata, sannan adon irin wannan bargo inuwa ce take fitar da shi, ulu mai duhu kuwa yana haɗiye inuwar, wahalar duk ta tafi a banza. Ko hoton da 'yata take ɗauka domin masu saye ta WhatsApp, da sassafe take ɗaukarsa lokacin da haske yake zuwa daga gefe, domin da tsakar rana bargon yakan fito a shafe. Yawancin ulun da muke samu a kasuwar Gombe na roba ne da ake shigowa da shi daga waje, yana jure wanki, amma ba ya son zafi. Ina gaya wa duk wanda ya saya ya wanke da ruwan sanyi, kada ya murɗe, ya shimfiɗa shi a inuwa maimakon rataya a igiya, kuma kada dutsen guga ya taɓa shi, domin zafi yana kwantar da tudun har abada.

Bargon jikana ya kammala kafin suna, faɗinsa da tsawonsa kusan santimita 90. A wurin sunan ra'ayi ya rabu. Wasu mata sun ce bargon jariri babu ja babu kore ai kamar ba a gama shi ba, wasu kuma suka riƙa shafa shi suna tambayar ko daga waje aka kawo. Daga cikin waɗannan na biyun na samu masu saye na farko. Ba zan ce sana'ar ta azurta ni ba. Bargon kamfani da ake shigowa da shi ya fi nawa araha nesa ba kusa ba, ga na gwanjo, kuma sanyin Gombe na watanni kaɗan ne, daga Disamba zuwa Fabrairu. Bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, kuɗin ulu da na maganin ɗigawa suka tashi tare, har na rage yin manyan barguna sai wanda aka ba da kuɗin ulunsa tun farko. Na daina ƙoƙarin gasa da bargon kanti, domin mai neman abin rufa kawai ya fi masa alheri ya je kasuwa. Masu zuwa wurina su ne masu neman abin da za a ajiye a kayan ɗakin amarya ko a kai wa mai jego, da wasu daga Jos da Abuja da ake aika musu ta tasha. Abin da nake samu yana sayen maganina ba tare da na jira kowa ba, kuma wanda bai taɓa zama yana jiran a saya masa magani ba ba zai san girman wannan ba.

Ban yarda abin da ya faru da Inna ya maimaita kansa a ɓoye ba. Na matsa wa duk 'yan uwana da muke ciki ɗaya sai da suka je aka auna su, aka kuwa samu ciwon a idon ƙanena tun bai taɓa masa gani ba, yanzu yana ɗiga magani yana tuƙa motarsa. 'Ya'yana ma sun san cewa awon ido ya zama musu dole lokaci-lokaci, musamman idan sun doshi arba'in. Awon da nake nufi shi ne na ƙarfin ruwan ido da duba jijiya, domin mutum yana iya karanta duk haruffan allon gwaji alhali ciwon yana cinsa daga gefe, kamar yadda ya faru da ni. Ko a watan azumi ba na tsallake magani, likita ya daidaita mini lokacinsa zuwa sahur da bayan shan ruwa.

Yanzu idon hagu haske da duhu kawai yake rabewa, na dama kuma yana nan inda aikin ya tsayar da shi, ana duba shi a kan lokaci. Akwai ranakun da tsoro yake dawo mini, musamman idan na tashi na ga hazo ya fi na jiya, kuma ba na ɓoye wa maigidana idan hakan ta faru. Mata suna zuwa gidana ranakun Asabar da Lahadi bayan la'asar, cikinsu akwai biyu da su ma idonsu ya raunana, ɗaya saboda ciwon suga. Da masu gani da marasa gani duk hanya ɗaya nake bi da su: saƙar kwando ce farko, kuma kafin in bar mace ta ci gaba sai ta rufe ido ta shafa layinta ta gaya mini sanda nawa ta yi. Abin da har yanzu ba na iya yi ni kaɗai shi ne ɓoye bakin zare da allura da duba tabo kafin a naɗe bargo, waɗannan ɗaya daga cikin ɗalibaina ce take yi mini, ina biyanta a kan kowane bargo.